Gonar Naƙirya

A garinmu, wanda yake bakin kwalta tsakanin Tsarnawa da Malbaza, ba mai kiran Baba da sunan da aka raɗa masa. Naƙirya ake ce masa. Haka aka kira mahaifinsa har ya koma ga Allah, mu kuma 'yan gidan Naƙirya ne, maza da mata. A lakwal, wato makarantar boko, malaminmu da muke ce wa mushe yana kirana da sunana da na ubana kamar kowa, amma da an tashi, kafin in kai bakin rijiya na koma ɗiyar Naƙirya. Ina yarinya har alfahari nake yi da abin, gani nake kamar wata sarauta ce aka ba gidanmu. Ƙuruciya ce, ban san komai ba.

Sunan na wani ƙauye ne, Fakon Ƙirya, can bayan Badagishiri a ƙasar Illela. Yadda kakana yake ba mu labari, wasu maƙera ne suka fara zama a wurin. Sun iske fako, ƙasa mai taurin da ruwa ba ya shigarta, da wata babbar ƙirya tsaye a tsakiya ita kaɗai. Maƙeri kuwa in ya ga ƙirya ya ga gawayi, sai suka sauke kaya. In an tambayi inda suke sai a ce suna fakon ƙirya, har sunan ya bi garin. Kakana ya bar can yana saurayi, a wata shekarar yunwa da ba ya son a ja masa maganarta. Ya yo kudu da ƙafa, ya iso garinmu, aka tambaye shi daga ina, ya faɗa, shi ke nan aka liƙa masa. Sai da na girma na lura cewa wanda yake zaune inda aka haife shi ba a kiransa da sunan garinsu, don kowa a wurin ɗan garin ne. Sai ka fita ake ɗora maka shi, kuma ba a tambayarka ko kana so.

Wani gida na masu gari, waɗanda kakanninsu suka sari dajin wurin, su suka ba kakana gona aro. Kada wani ya ɗauka wata gonar kirki ce. Jigawa ce da ta gaji, ko ƙarangiya da ƙyar take fita. Kakana ya yi ta ɗauko mata taki a ka. Baba ya gaje shi, ya riƙa sauke Fulani a ciki da rani, yana ba su hatsi don shanunsu su kwana a wurin. Ni na tashi na ga gonar baƙa wuluk, zangarniyarta kamar hannun ƙato. A cikinta na koyi bin sawun sungumi ina zuba iri ina takewa da diddige. A cikinta Inna ta fara naƙudar ƙanena, aka kawo ta gida a amalanke.

Aron gona yana da dokokinsa, kuma Baba ya fi liman kiyaye doka. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya. Saboda haka duk faɗin gonar ba mangwaro ko ɗaya, sai wani gawo da ya fito da kansa tun zamanin kakana, aka bar shi ya girma, a inuwarsa muke shan fura. Sannan kowace kaka, kafin a sa ko zangarniya ɗaya a rumbu, sai an kai wa masu gona dami guda. Wasu masu aron da sassafe suke kaiwa, ta bayan gari, ko su aiki wani, wasu ma su yi ta mantawa har a manta. Ban da Baba. Shi sai ya zaɓi damin da ya fi kowanne, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗora wa jaki, ya bi ta tsakiyar kasuwa da rana tsaka yana amsa gaisuwa. Wai shi mutunci ke nan, a san cewa gidan Naƙirya ba sa cin amana.

Dattijon gidan masu gonar abokin Baba ne tun suna yara, kaciyarsu ɗaya. Wata shekara Baba ya dawo daga kai dami yana dariya, ya zauna a tabarma yana ba Inna labari.

Ya ce, "Kin ji mutumin ga? Wai in bar kawo dami. Wai ni da shi mi ar rage, gona tawa ta."

Inna ta ajiye ludayi ta ce, "To Malam, tun da bakinai yaf faɗi, ka kira liman da mutum biyu shi maimaita gabansu. Rai ba a hannunmu shike ba."

Baba ya ɓata fuska. Ya ce, "In kira mai shaidu awa ɓarawo? Abin da ubana yay yi, ni ba ni bari. Dami guda ba shi talauta ni."

Inna ta ɗauki ludayinta. Badi ya sake sa rigar Juma'a ya bi ta kasuwa, haka shekarar bayanta, har abokin nasa ya rasu. Ko bayan rasuwar bai fasa ba, sai ya riƙa kai wa babban ɗan, yaron da aka raɗa wa suna Baba yana zaune a sahun gaba.

Ni a lokacin na yi aure a Ƙonni, ina koyarwa a wata lakwal. Ƙannena maza duk suna can wajen biɗar kuɗi. Gari kuma ya fara tafiya wajen kwalta, 'yan kasuwar albasa suna neman fili a bakin hanya ido rufe, ga gonarmu shimfiɗe daidai wurin. Wata ranar kasuwa Inna ta aiko mini cewa in zo, an kira Baba gidan maigari. Babban ɗan nan ne ya ce suna son gonarsu.

Mace ba ta zama a zauren maigari, don haka na shiga cikin gida wajen matansa, na ja kujera na zauna jikin bangon zaure. Komai ina ji. Maigari tsoho ne mai sanyin murya, ya san Baba sarai.

Ya ce, "Malam, gonag ga, ubanka saye yay yi ko gado?"

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, ba shi anka yi."

Sai babban ɗan ya karɓe. Da ladabi ya yi magana, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce, "Aro dai, Baba, ka hwaɗi aro. Ranka shi daɗe, wa ac cikin garin ga bai ga Baba da jakinai kowace kaka ba? Mai gona na kai ma wani dami? Kuma mi aka ce mai? Naƙirya. Kowa ya san inda sunka hito."

Na jira Baba ya faɗi maganar da abokinsa ya yi masa. Maigari da kansa ya buɗe masa ƙofa, ya tambaye shi ko marigayi ya taɓa ce masa wani abu game da gonar. Baba ya ce shi ba ya tada wanda yake kwance ya kawo shi gaban shari'a. Wallahi da ina cikin zauren da na manta cewa ubana ne. Matar maigari ta riƙe mini hannu, ta ce in yi haƙuri. Aka yanke cewa ya cire amfanin bana, daga nan gona ta koma hannun masu ita.

Mutanen da suke zaune a zauren nan, ba wanda bai ci tuwon gidanmu ba. Baba ne yake musu wankan gawa. Ba wanda ya ce uffan, don a wurinsu ba a yi zalunci ba, aro ne ya ƙare. An haifi Baba a garin, an binne uwarsa da ubansa a garin, gemunsa ya yi fari a garin, amma ranar da aka zo maganar ƙasa sai aka tuna cewa shi baƙo ne. Ba ma tunawa aka yi ba. Kullum ana faɗa masa, safe da yamma, a cikin gaisuwa, mu ne ba mu ji ba.

A gida na sauke masa duk abin da yake cikina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shekara da shekaru yana ɗaukar shaidar da za a kashe shi da ita a kan jaki, yana bi da ita ta kasuwa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce tun da an ce shi na Ƙirya ne, to zai je Ƙirya. Ubansa yana da rabo a gonar gidansu, bai sayar ba, bai bayar ba. Ya faɗi haka da ƙarfin gwiwa, har da ɗan murmushi, kamar wanda ya tuna ajiyar da ya yi a ƙasan akwati. Mutumin da bai taɓa taka garin ba ko sau ɗaya.

Bayan an gama kaka muka tafi, ni da shi, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba. Mota ta kai mu Badagishiri, daga nan muka hau amalanken wasu masu komawa daga kasuwa. Da muka bar kwarin da yake kore da garake, ƙasa ta fara ja, duwatsu suka yi yawa. Baba yana ta nuna mini abubuwa kamar ya san su. Wancan tudun, in ji shi, lalle shi ne wanda ubansa yake kiwo a kai. Ya sa rigar Juma'ar nan, ya riƙo goro da sukari a jaka. A hanya ya ce mini abu na farko da yake so ya gani shi ne ƙiryar.

Fakon Ƙirya 'yan gidaje ne a kan jan dutse, rumbuna sun fi ɗakuna yawa, kuma yawancinsu ba komai a ciki. Muka yi sallama, Baba ya faɗi sunan ubansa da na kakansa. Samarin da suke zaune suka kalli juna. Aka kai mu wurin wata tsohuwa da ta fi kowa shekaru a garin, tana zaune a rana tana ɓarar gujiya. Ta sa aka maimaita mata sunan da ƙarfi. Sai ta tafa hannu.

Ta ce, "Ayyo! Ɗan Naƙonni na! Ku zaka ku ga ɗan Naƙonni!"

Baba ya ce, "Inna, wa an Naƙonni?"

Ta ce, "Ubanka mana. Tun da yat tahi ƙasar Ƙonni hakanan muka ce mai. Gidan Naƙonni, ɗiyan Naƙonni. Mun ji labarin kun yi arziki can."

Na dubi Baba. Yana durƙushe gabanta, yana murmushi, yana gyaɗa kai, amma na ga hannunsa ya saki jakar goron. Ashe tun kafin a haife shi yana da suna a nan ma, kuma shi ma na wani wuri ne.

Gaskiya sun karɓe mu hannu biyu. Aka share mana ɗaki, aka dama fura, aka bi kaza aka yanka. Mata suka yi ta shigowa kallon baƙin Ƙonni, suna taɓa zanena. Duk wannan karamcin ni ciwo yake yi mini, don na san wanda ake yanka wa kaza. Baba ya tambayi ƙiryar. Samari ba su san ma an taɓa yin wata ƙirya ba. Tsohuwar ce ta nuna da sanda, ta ce tun tana amarya aka sare ta, aka yi turame da gawayi. Wurin yanzu rumfar injin niƙa ce. Baba ya tsaya a gaban rumfar, gari yana tashi yana sauka a kan rigarsa.

Da la'asar ya zauna da ɗan ƙanen ubansa, wanda yake riƙe da gidan, tsoho kamarsa, har kamanninsu ɗaya ta wajen goshi. Baba ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya kawo maganar gona. Mutumin bai yi fushi ba. Tashi ya yi ya ce mu biyo shi. Ya kai mu bayan gari ya nuna mana wani fili mai tsakuwa, an yanka shi ƙanana-ƙanana da jerin duwatsu.

Ya ce, "Yaya, ga ta nan. An raba, an sake rabawa. Wagga ta ɗiyana ta, waccan ta ɗiyan ƙanena. Abin da muka samu ba shi kai mu tsakiyar rani. In ka ce a hidda rabon Naƙonni, sai ka nuna min wanda za ni tayarwa. Ku da Allah yab ba ƙasa mai kyau can gida, ai mu za ku taimaka ma."

Can gida, ya ce. Baba bai gaya masa abin da ya faru da ƙasa mai kyaun ba. Ya dubi duwatsun, ya ce Allah ya sa albarka, ya ce dama zumunci ne ya kawo shi. Na so in ji haushin mutumin nan, na rasa ta inda zan kama, don bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Washegari suka rako mu har bakin gari da ɗan ƙullin gujiya, tsohuwar tana ta cewa a gaida mutanen Ƙonni, Allah ya kai mu gida lafiya.

A amalanke Baba bai nuna mini ko tudu ɗaya ba. Sai da muka shiga mota ya ce, ba ni yake kallo ba, "Da na kira liman." Iyakar abin da ya taɓa faɗi ke nan a kan maganar, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Mutane biyu sun yi masa tayin aron wata gona, ya ce ya gode. Irin da ya zaɓa a kakar ƙarshe, manyan zangarniyoyi da ya ɗaure ya rataye a ɗakinsa, suna nan har ƙwari suka cinye su. Ranar da aka yi ruwan shuka, gari duk ya fita, shi ya zauna a zaure yana tufka igiya. Mu 'ya'yansa muka riƙa sayen hatsi muna aikawa. Yana ci, amma bai taɓa tambayar na wace ƙasa ne ba, shi da yake gane hatsin kowace gona da ido.

Gonar kuwa aka yanka ta. Aka gina mangaza, wato ɗakin ajiyar albasa, mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya zo, aka fara gidaje a baya, babban ɗan nan ma ya gina nasa. Motoci suka fara tsayawa a wurin. Kuma da yake dole a kira wuri da wani abu, sai mutane suka kira shi da abin da suka saba. Na fara jin haka ne ranar da na dawo da Baba daga likita a Ƙonni. Muna kusa da gari karen mota ya buga ƙarfe ya ce, "Gonar Naƙirya, akwai mai sauka?" Bai san wanda yake zaune a gabansa ba. Baba ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo har motar ta tashi, sannan ya ce, "Sun sare gawon."

Bai yi shekaru da yawa bayan nan ba. Da ya rasu garin duk ya zo, har da waɗanda suka zauna a zauren maigari, suna ta cewa an yi rashin mutumin kirki, mai amana. Na zauna cikin mata ina amsa gaisuwa, ina cewa amin, abin da yake raina Allah kaɗai ya sani. Daga Fakon Ƙirya ma an aiko da ta'aziyyar ɗan Naƙonni.

Yanzu ba a ma cewa gona. Naƙirya kawai ake cewa, unguwa ce guda mai masallacinta da famfonta. Tun da Baba yake a garin ba a yarda gonar tasa ce ba, sai da aka raba shi da ita. Ni ban taɓa buɗe baki na ce a sauke ni a wurin ba, ko da yake ta nan ya fi kusa da gidan Inna. Kasuwa nake wucewa in dawo da ƙafa, ko da kaya, ko da rana.

A hutun da ya wuce na shiga mota daga Ƙonni, wata yarinya 'yar koleji ta zauna kusa da ni, mai fara'a, ta karɓi jakata ta riƙe mini. Da muka wuce Tsarnawa ta ce wa karen mota Naƙirya za ta sauka. Na tambaye ta ɗiyar wane gida ce. Ta faɗa. Jikar babban ɗan nan ce.

Na ce, "Kin san mi as sa aka ce ma wurin Naƙirya?"

Ta yi dariya ta ce, "A'a, Inna. Unguwarmu ta dai. Mu 'yan Naƙirya na, can anka haihe mu."

Motar ta tsaya. Ta miƙo mini jakata da hannu biyu, ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, sannan ta waiwayo.

Ta ce, "Ke baƙuwa ta, ko?"

Na ce mata e.